Kande da Ladi da Indo: Tarihin Sunayen Mata a Ƙasar Mairairai

A cikin damanar bara, sa'ad da gero ya soma fid da kai, aka yi wa wani ɗan'uwana haihuwa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai, cikin ƙasar Mayahi, arewa da Gulbin Kaba, inda gonakin Hausawa suke kusantar makiyayar Fulani da Bugaje. Da yake kuwa ɗiya mace Allah ya bayar bayan maza huɗu a jere, tun ungozoma ba ta gama wanke jinjirar ba kakarta ta wajen uba ta rangaɗa guɗa, ta ce Kande ta iso. Shi kuwa uban, wanda ya yi shekaru yana cin rani tsakanin Agadas da Kano, ya riga ya ajiye wani suna a ransa tun cikin yana wata biyar, watau Ilham, ba ya kuma son a ji wani suna ya raɓe shi. A daren suna, muna tsakar gida ana ƙirga goro ana kasa dabino, sai maganar ta tashi. Ya ce, "Inna, Kande sunan tsofaffi ne. In ta girma ta shiga lakwal dariya yara za su yi mata, su ce 'yar ƙauye." Ita kuwa, da yake ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba tun ran da ta haife shi, ba ta kuma cika duban idonsa ba, sai ta juyo wajena ta ce, "Malam, ka gaya wa yaron nan, ni yau shekara saba'in da sunan rana ake kirana, ban ga abin da ya rage ni da shi ba."

Na ce, "Gwaggo, a bari gari ya waye." Na faɗi haka ne domin na ga mas'alar ta fi ƙarfin amsar da ake bayarwa a tsaye, zama wanda zai yanke hukunci a kan ko tsohon suna ya dace da jinjirar yau, wajibi ne ya fara sanin inda sunan ya fito, da aikin da ya yi wa mutanen da suka ƙago shi, da dalilin da ya sa jikokinsu suke jin nauyinsa.

Ƙasar nan tamu ta rairayi ba tsohuwar alƙarya ba ce irin Katsina ko Alƙalawa. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, suka ci Alƙalawa a 1808, sarakunan Haɓe suka yo arewa da jama'arsu, Ɗan Kasawa na Katsina ya zauna Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836; Tasawa tana nan gabas da su da kasuwarta, inda Baturen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka cikin watan Janairu na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. A tsawon wannan zamani tsoron hari ya hana talaka yin nisa da ganuwa. Sai bayan ɓarnar da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta yi, wadda ajalin shugabanninta ya riske su kusa da Maijirgi cikin Yuli na 1899, da kafuwar mulkin Faransa a shekarun da suka biyo, sa'an nan manoma suka bazu arewa da yawa, suna sarar daji, suna gina rijiyoyi masu zurfin gaba da yawa, suna kafa ƙauyuka. Kowane ƙauye kuwa ya ɗauki sunan wanda ya sare shi, Gidan wane, ko Garin wane, ko kuwa ya ɗauki siffar ƙasarsa, kamar yadda kunnen Bahaushe yake jin rairayi a cikin Mairairai, yake kuma jin sunan namiji a cikin Alasan. To, mazan da suka gina rijiyoyin sunayensu sun hau taswira, sun shiga jerin masu gari da ake karantawa ran naɗi. Amma matan da suka ja guga a rijiyoyin nan, suka daka geron farko da ƙasar ta bayar, suka haifi jama'ar da ta cika ta, ba a taswira suke ba, ba a jerin sarauta suke ba, ba su da wata ma'ajiya face bakin jikokinsu da sunayen da ake mayarwa ga jarirai. Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin maganar ta wuce ta ado da son rai.

A gidan da babu alƙalami, suna shi ne littafin ajiye labari, kakanninmu kuwa sun ƙware wajen dunƙule labarin haihuwa duka a cikin kalma guda. In ka ji Kande, ko Delu, ko Dela, ka san mace ce da ta biyo maza, kamar yadda Tanko yake namiji da ya biyo mata. In ka ji Gambo ka san tagwaye ne a gabanta. Marka ta zo sa'ad da ruwa yake sauka ba ƙaƙƙautawa, Tanoma ta zo ana tsakiyar noma, Azumi cikin Ramadan, Tasalla ran idi, Tarana da rana tsaka. Shekara ta daɗe a ciki har aka ƙosa, Kyauta ta zo bayan an fid da rai da samun haihuwa, Talle ta tashi a hannun wadda ba ita ta haife ta ba, Auta kuwa daga ita aka rufe. Tsohuwa tana iya zama a bakin murhu ta lissafa maka 'ya'yan gida uku da sunayensu, ka fita da sanin wanda ya girmi wani, da shekarar da aka yi ruwa, da matar da ta rasu wajen haihuwa, alhali ba ta buɗe takarda ba. Da Bature G. P. Bargery ya tattara babban ƙamusunsa na Hausa, wanda aka buga a 1934, ya sa irin waɗannan sunaye a ciki tare da bayanin wanda ake ba kowanne, domin ya gane kalmomi ne masu ma'ana kamar sauran kalmomin harshe. Ba kuwa sunayen ƙasƙanci ba ne a wancan zamani: Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, Hajaratu ne sunanta na yanka, amma da Gambo ta shiga siyasar NEPU, da shi aka ɗaure ta sau da dama saboda neman 'yancin mata, da shi kuma tarihi ya riƙe ta.

Sunayen rana kuwa, waɗanda matasa suka fi ɗauka su ne tushen gargajiya, akwai abin lura a cikinsu da galibin mutane ba su tsaya sun duba ba. Ladi daga Lahadi take, Altine da Tani daga Litinin, Talatu daga Talata, Larai da Balaraba daga Laraba, Lami daga Alhamis, Jummai daga Juma'a, Asabe daga Asabar. Waɗannan ranaku bakwai kuwa dukansu Larabci ne, da malamai da fatake suka shigo da su ƙasar Hausa. Ashe ke nan Lami da Talatu shaida ce ta yadda lissafin Musulunci ya ratsa gidajen Hausawa har ya kai ɗakin mai jego, har ma Arna waɗanda ba su kama salla ba tukuna suka riƙa kiran ɗiyansu da su, maƙwabtan Hausawa kuma suka ara. Ladi Kwali, maginiyar tukwane ta ƙasar Gwari wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, da sunan rana duniya ta san ta. Haka marubuciyar nan ta Kano, Balaraba Ramat Yakubu.

Sai kuma sunayen littafi, waɗanda liman yake raɗawa a kunnen jinjiri, waɗanda ake yanka rago a kansu. Su ma da suka shigo bakin Bahaushe bai bar su yadda suka zo ba, sai da ya tausasa su, ya yi musu laƙabi, ya mai da su 'yan gida. A'ishatu ta zama A'i da Shatu da Indo, Hadizatu ta zama Dije, ana yi mata kirari da Kubura, Faɗimatu ta zama Binta da Fatsuma, Zainabu ta zama Abu, Hauwa'u ta zama Kulu, Maryamu ta zama Mairo, Ruƙayyatu ta zama Rakiya. A nan yamma kuma, inda harshenmu yake karkata zuwa ha a wurin da Bakano yake cewa fa, Safiya ta zama Sahiya, Hafsatu ta zama Habsu. Saurayin da ya ce Indo sunan ƙauye ne, A'isha kuwa sunan wayewa ne, haƙiƙa mace guda yake yabo yake kuma kushewa, watau Uwar Muminai, Allah ya yarda da ita. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, cike yake da irin waɗannan sunaye: mahaifiyarsa Hauwa'u, kakarsa Ruƙayya, ɗiyansa Hadiza da Faɗima da Hafsatu da Safiya da Maryamu. Akwai ma wani abu a tarihin gidan da ya shafi mas'alarmu kai tsaye. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tagwaye ce, abokin haihuwarta Hassan. Bisa ga al'ada da sunan tagwaye za a kira ta, amma mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar. Wannan ya nuna cewa tun a wancan zamani uba yana da ikon ya bar abin da aka saba ya zaɓi wanda ya fi kwanta masa a rai. Amma ita ɗin dai, da ta girma ta zama malama, ta kafa 'yan taru, tana naɗa jajoji tana aika su ƙauyuka su karantar da mata, sai jama'a suka ƙara mata laƙabi na Hausa, suka ce Uwar Gari. Sunan littafi da sunan gida suka zauna tare a kanta, ba wanda ya kori wani.

Akwai wani kashi na tsofaffin sunaye da ba na iya ambatonsa ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba, shi ne sunayen 'ya'yan wabi. Matar da take haihuwa suna mutuwa, ta binne na fari, ta binne na biyu, ta binne na uku, in Allah ya sake ba ta ɗiya sai a kira jinjirar Ajuji, ko Ayashe, ko Baiwa, a nuna kamar ba a damu da ita ba, a wasu gidaje har a kai ta bisa juji a ajiye ɗan lokaci kana wata ta ɗauko ta, wai don abin da yake ɗauke 'ya'yan ya ga ba ta da daraja ya wuce. Wasu kuwa sukan mai da sunan roƙo tsantsa, su ce Abarta, watau a bar mana ita. Wanda ya tashi a zamanin allurar rigakafi yana iya yin mamakin wannan, amma ya kamata ya tuna irin ƙasar da matan nan suka yi jego a cikinta. Sun ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ɗiyansu sun ga farin 1973 da 1974, jikokinsu sun ga 'Yar Buhari ta 1984 da 1985, ban da ƙyanda da sanƙarau da suke zagayowa da rani, da masassarar damana da take kwasar yara ana tsakiyar marka. Ko a 1992, binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa da rai fiye da 300 ba su kai shekara biyar ba, jihar Maraɗi kuwa tana cikin inda abin ya fi tsanani. Uwar da take ganin ɗaya cikin uku yana tafiya, in ta kira ɗiyarta Ajuji, ƙauna ce ta yi mata yawa har ta koma ɓoyo. Da aka yawaita gidajen likita a karkara, aka yaɗa rigakafi, aka kuma ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun daga 2006, adadin ya sauko zuwa 127 a binciken 2012. Sunayen wabi kuwa suka soma ɓacewa da kansu, ba tare da wani ya yi musu doka ba.

Har wa yau akwai alkunya, wadda ita ce ta sa sunaye suka yi yawa a kan mace guda. Matar gida ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na surukanta, ba ta kama na ɗan farinta. In kuwa aka mayar wa jinjira sunan kakarta, to uwar da ta haife ta ba ta da bakin kiran ɗiyarta da sunan yanka har abada, sai ta ce Uwa, ko Uwani, ko Inna. Saboda haka a dā sunan yanka abu ne mai alfarma da ake ajiyewa, a fito da shi ran ɗaurin aure da ran da malam zai yi wa mutum addu'a, sunan gida kuwa shi ne na yau da kullum, na bakin rijiya da na kasuwa. Kowace mace tana tafe da sunaye biyu ko uku, liman ya ba ta ɗaya, kaka ta ba ta ɗaya, wani lokaci gidan miji su ƙara mata na amarci, kowane suna kuwa da mai kiransa da wurin kiransa.

Abin da ya rushe wannan tsari, a ganina, takarda ce kafin komai. Da lakwal ta zo, malamin makaranta ya buɗe rajista, sai ya nemi suna guda da sunan uba, ya rubuta su da haruffan Faransanci, A'ishatu ta koma Aïchatou, Hauwa ta koma Haoua, Zainabu ta koma Zeinabou. Da aka kafa ƙananan hukumomi bisa dokar 2002, aka zaɓi 'yan majalisunsu a 2004, aka kuma matso da wuraren shelar haihuwa kusa da ƙauyuka, takardar haihuwa ta zama abin da yarinya ba ta zama jarrabawa sai da ita. Alheri ne babba, ba mai hankalin da zai ƙi shi. Amma sunan da ya hau takarda shi ya zama na gaskiya a idon yara, wanda bai hau ba ya zama na tsofaffi, har aka wayi gari yarinya tana jin Kande a bakin kakarta kaɗai, tana jin ɗayan a bakin malami da likita da ma'aikacin magajin gari, ta yanke wa kanta hukuncin wanne ne na ci gaba. A kan wannan kuma sai ga jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji, ɗalibai suka komo daga Madina da Azhar da jami'ar Musulunci ta Say wadda aka buɗe a 1986, wa'azin ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ya iso Maraɗi yana kira a koma ga lafazin Larabci a bar abin da ake zargi da bidi'a. Ta wani gefen kuma ga finafinan Indiya, ga na Kano da suka soma tun 1990, ga littattafan soyayya, ga wayar hannu da take kawo wa matashi jerin sunaye ɗari cikin dare guda. Rashida da Samira da Farida suka shigo, bayansu Ilham da Hanan da Ihsan da Amal. Mafi yawansu sunaye ne masu kyawun ma'ana, ba ni da abin cewa a kansu, sai dai nakan yi baƙin ciki in na ga uba ya tsinci kalma don daɗin amonta kawai, an tambaye shi ma'anarta ya rasa.

To, me shari'a ta ce? Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wanda kuma babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a biya shi, ya yi bayanin aƙiƙa: a yanka dabba ran bakwai da hantsi, ba a lissafa ranar da aka haihu a ciki, shi ya sa suna yake faɗowa ranar da haihuwa ta zagayo, a aske gashin jinjiri, an kuma so a yi sadaka da nauyinsa na zinariya ko azurfa. A mazhabar Imamu Malik kuwa dabba guda ce ga namiji, guda ce ga mace, ragon ɗiya bai gaza na ɗa ba. Game da sunan kansa, abin da ya tabbata a hadisi shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son kyakkyawan suna, yana kuma sauya mummuna: ya sauya sunan wata ɗiyar Sayyidina Umar, wanda ma'anarsa mai saɓo, ya mai da ita Jamila, ya sauya Barra, mai ɗauke da yabon kai, ya mai da ita Zainab, wata Barra kuma ya mai da ita Juwairiyya. Ma'aunin ke nan, watau ma'ana, ban kuwa taɓa cin karo da inda fuƙaha'u suka sa tsufan suna ko sabuntarsa a cikin ma'auni ba, ko suka shar'anta lalle sai Larabci. Bal ma Larabawa da kansu suna da irin Kande da Azumi nasu. Suna kiran ɗa Ramadan da Rajab da Juma'a da Khamis saboda lokacin haihuwarsa. Masu tarihin waliyyiya Rabi'atul Adawiyya ta Basra sun ce an kira ta haka ne domin ita ce ɗiya ta huɗu a gidansu, sunan nan kuwa shi ne Rabi da muke ji a kowane ƙauye. Asma'u ɗiyar Abubakar ta samu laƙabinta na ma'abuciyar ɗamara biyu daga abin da ta aikata a daren hijira. Wanda ya karɓi Rabi'atu don Larabci ce, ya ƙi Kande don Hausa ce, alhali aikinsu guda, lalle ba hujjar addini ce a hannunsa ba, kunyar harshen uwarsa ce take damunsa.

Bisa ga wannan, ga abin da na tsaya a kai. Sunayen wabi, irin Ajuji da Ayashe, a bar su su huta tare da zamanin da ya haife su, domin zahirinsu wulaƙanci ne ga yarinya, asalinsu kuma ya haɗu da camfin cewa ana iya yi wa ajali dabara, alhali rai da mutuwa suna hannun Allah. Amma tsohuwar da take ɗauke da irin sunan a girmama ta ninki biyu, zama ita ce wadda ta rayu bayan 'yan'uwanta sun tafi. Sauran kuwa, na rana da na yanayi da na jerin haihuwa, da laƙabobin Hausa na sunayen littafi, ban ga aibin da zai hana a kira jinjirar bana da su ba. Hausawa sun ce suna linzami ne, ni kuwa ban san inda Kande za ta ja yarinya ba face zuwa sanin cewa an daɗe ana jiranta a gidan maza. Batun dariyar yara da ɗan'uwana yake tsoro, ba na raina shi, domin na san zafin gori a zuciyar yaro. Sai dai gorin daga manya yara suke koyonsa, ran da uba ya kira ɗiyarsa Kande da fara'a a gaban baƙi, ran nan gorin ya rasa madogara. Tsufan suna kuma abu ne mai zagayowa. Rashida da Samira da suke sabbi fil shekaru arba'in da suka wuce, yau sunayen iyaye ne, gobe na kakanni. A Faransa ma, wadda 'yan bokonmu suke yawan duba, sunaye irin Louise da Jeanne, da aka daɗe ana ɗauka na tsofaffi ne, sun komo suna cikin waɗanda aka fi sa wa jarirai. Kowace Ladi mai furfura da kake gani an taɓa goya ta, sunan kuwa ya yi mata kyau a zanen goyo.

Da gari ya waye, bayan an sallame asuba, na ja ɗan'uwana gefe na gaya masa cewa zaɓen sunan yanka haƙƙinsa ne, ba mai ƙwace masa, Ilham kuma suna ne mai kyau. Amma sunan gida tun kaka da kakanni haƙƙin tsofaffin mata ne, bai kamata ya hana mahaifiyarsa abin da uwarta da kakarta suka yi ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaya, na ji." Hantsi ya yi, aka kawo rago, liman ya yi huɗuba, aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da jama'a sunan da uba ya zaɓa, wanzami ya zauna ya yi aski. Daga cikin gida kuwa muryar Gwaggo ta fito tana yi wa jikarta, kishiyarta sabuwa, kirari da Kande, mata suna amsawa da guɗa. Kafin a yi arba'in yayyenta maza huɗu duk sun kama sunan kaka, uban kuwa yana kiran nasa, yarinyar tana waiwayar kowa.

Roƙona ga mai karatu, musamman ɗan makarantar da yake da alƙalami a aljihu, in Allah ya sa kakarka tana da rai, ka je ka zauna gabanta tun yau, ka tambaye ta sunan uwarta da na kakarta, na yanka da na gida, da dalilin kowanne, da garin da aka ɗauko su aure, ka rubuta ka ajiye. Wanda ba ta iya kamawa saboda alkunya, ka nemi wata tsohuwa ta faɗa maka. In kuma aka yi maka ɗiya, ka je shelar haihuwarta, ka roƙi mai rubutu ya sa sunayen biyu a takarda.